Buhun da Na Allah Ya Jiƙa

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Atantane ya san rumfar Na Allah, ko da bai san sunan mai ita ba. Ita ce mai farantin sola a ɗaure bisa rufin kara, dab da masu sayar da igiya. A ciki akwai teburi mai ƙafa uku da tubali a madadin ta huɗu, a kan teburin akwai kwamfuta, a bayanta kuma akwai wani siririn mutum mai dogon wuya wanda ba ya ɗaga kai sai an maimaita masa sallama. Sana'arsa turi. Ka kawo katin wayarka ya cika maka shi da waƙa ko wa'azi ko fim, gwargwadon halinka. In kuma ana biki ko suna a ƙauyukan kewaye, shi ake ɗaukowa a kan babur ya zo da kyamararsa.

A wata 'yar tunga aka haife shi, tsakanin Atantane da garin Sarkin Hausa. 'Ya'yan da suka riga shi ba su zauna ba, shi ya sa da ya zo aka bar wa Allah shi, sunan kuma ya bi shi. Ya yi lakwal har ajin ƙarshe na firamare, jarrabawa ta kayar da shi, ubansa ya miƙa masa hauya. Bai ƙi noma ba, amma hankalinsa na wajen rediyon gidan, wadda ya kwance ya ɗaure har sai da ta daina magana gaba ɗaya. Da ya tasa ya tafi ci-rani Tasawa, ya zauna shagon wani sa'ansa mai gyaran waya da kwamfuta, Bello. Can ya koyi abin da ya koya, ya dawo da kwamfuta 'yar gwanjo da kyamara, ya auri Zara'u, ya kafa rumfa. Da rani yana turi, da damina yana gona kamar kowa.

Mutumin kirki ne, wannan ba a musu. Aibinsa guda ne: bakinsa bai iya cewa "ban sani ba". Ko sunan garin da bai taɓa ji ba ka tambaye shi, sai ya gyara zama ya kwatanta maka hanya. Mutanen gari sun san shi da haka, suna tsokanarsa suna dariya, don har lokacin abin bai taɓa cutar da kowa ba.

Bayan girbin wata shekara ya ɗauki bikin wani saurayi, Mudassir, autan wata tsohuwa da ake kira Inna Asiya. An yi biki lafiya, an watse. Ango ya ce masa kada ya yi gaggawar haɗa fim ɗin, zai tafi haƙar zinariya can arewa, in ya dawo shi da kansa zai zauna ya zaɓi waƙoƙin da za a sa. Na Allah ya juye abin da ya ɗauka cikin kwamfuta, ya goge katin kyamara don bikin gaba, ya ci gaba da harkarsa. Tsakiyar rani labari ya iso cewa rami ya rufta da mutane, Mudassir na cikinsu. Can aka bar su. Wayarsa da katin shaidarsa, duk abin da ke ɗauke da fuskarsa, suna cikin aljihunsa. Amarya ta gama takaba ta koma gidansu.

Bazara ta kankama, irin wadda ko jaki ba ya yarda ya tsaya a fili, sai ga Inna Asiya a bakin rumfa tana dogara sanda.

"Inna, mi ya hiddo ki cikin wagga rana?" in ji Na Allah, ya miƙe ya ba ta bencinsa.

"Ɗan nan, an ce mini autana na cikin injin ga naka."

"Shina ciki, Inna."

"To ka hiddo mini shi in gani. Na tahi likita Mayahi. Sun ce ba yana ba ce da aka cirewa, jijiyar ido ce ke mutuwa. Na hagun ya riga ya tahi. Na daman ma gehe-gehe duk ya rufe, sai tsakiya. Sun ce shi ma ba ya daɗewa."

Ba ta yi kuka ba, ta faɗa ne kamar mai ba da labarin gonar wani. Na Allah ya ji abin ya soke shi. Nan take ya buɗe hotunan bikin ya juya mata kwamfutar. Amma hoton sai ya motsa kaɗan ya daskare, ya yi tsalle, ya sake daskarewa, muryoyi suna sarƙewa. Ga fuskar injin ƙarama, ga hasken rana ya cika rumfa. Tsohuwa ta kai hancinta har kusan taɓa gilashi, ta ce ita hayaƙi kawai take gani.

Dabara ɗaya ce. A gidan kallon ƙwallo na Mutari akwai babbar tele da ɗaki mai duhu, a can za ta iya gani. Sai dai telen ba ta buɗe ɗanyen abin da kyamara ta ɗauka. Dole a yanka shi a jera, sannan a bar kwamfuta ta juya shi zuwa fim ɗin da za a sa a kile, ɗan abin nan da ake soka wa tele a gefe. Wannan aiki na ƙarshe Na Allah dahuwa yake kiransa, kuma shi ne ya fi cin ƙarfin inji.

"Ki ba ni 'yan kwanaki, Inna," ya ce. "Wanga ƙaramin aiki ne."

Gaskiyar magana, tun shigowar zafi injin ya yi nauyi. Bai damu ba, don masu turi ba sa sauri, kafin kati ya cika an sha hira. Yanzu da ya buɗe manhajar yanka fim sai abin ya fito fili. Ka danna wuri, ka je ka yi alwala ka dawo, bai amsa ba. Da farko ya ɗora wa birus, ƙwayar cutar kwamfuta, laifi, tun da katunan rabin ƙasar Mayahi sun shiga cikin injin nan. Ya bincika, ya kama 'yan abin da ya kama, ya share, nauyi na nan. Ya ce to cika ce ta yi yawa, ya goge tarin finafinan Indiya da ya yi shekaru yana tarawa, zuciyarsa na ciwo, nauyi na nan. Ya zargi sharjar, wayar da ke ba injin wuta, ya je ya aro ta mushen lakwal, wato malamin makaranta, bai ga bambanci ba. Da dabara ta ƙare ya kira Bello a waya, yana magana kamar gaisuwa ce kawai ta sa ya kira.

Bello ya sa shi ya buɗe wani shafi da ke nuna aikin firosesar, wato ƙwaƙwalwar injin. "Karanta mini lambar da ke jikin sunanshi."

"Biyu da ɗigo shida."

"Wannan shi ne gudun da anka ƙera shi da shi. To duba ƙasa, nawa shika yi yanzu?"

Na Allah ya duba. "Sihiri da ɗigo takwas."

"Ka gani? Ko kashi ɗaya cikin uku ba shi yi. Taɓa ƙarƙashin mashin ɗin."

Ya taɓa, ya janye hannu da sauri. Ana iya gasa gurasa a wurin.

Bello ya yi masa bayani. Firosesar in ya ji zafi ya wuce kima, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Akwai wani farin mai da ake shafawa tsakaninsa da ƙarfen da ke janye zafi, wannan man ya bushe, fankar ciki kuma ta tsufa. "Ka kawo shi Tasawa," in ji Bello. "Sai na aika Maraɗi a sawo man da hwanka."

"Ni ma abin da nike zato ke nan," in ji Na Allah, wanda bai taɓa jin labarin man ba sai ranar.

Bai kai ba. Ya san Bello, abu in ya shiga shagonsa sai ya yi furfura kafin ya fito, idon tsohuwa kuma ba zai jira ba. Wannan ita ce hujjar da ya ba Zara'u, kuma ba ƙarya ba ce. Amma a ƙarƙashinta akwai wata: bai so a ce a kasuwar Atantane Na Allah ya kasa gyara injinsa. Tun da an gaya masa ciwon zafi ne, ai magani a bayyane yake, sai a nemo sanyi.

Nan ne gizo ke saƙa. Batirin kwamfutar ya mutu tun tuni, in ka zare waya take mutuwa. Babban batirin sola ma ya gaji, ba ya riƙe komai. Wuta tana samuwa ne kawai in rana ta take, da ta karkata sai ta ɗauke. Da sanyin asuba babu wuta, da wuta ta zo kuma sanyi ya gudu. Ya lura da hantsi in ya kunna, lambar takan haura biyu, ya ji daɗi, kafin ya gama gyara zama ta gangaro ta koma inda take. Ya ɗora injin kan duwatsu don iska ta shiga ƙasa. Ya ƙara zana ta gefen rana. Ya zauna yana yi masa fifita da maficin kaba kamar mai jinyar basarake, masu igiya suna ta yi masa dariya. Lambar ta ɗan motsa ta koma.

Inna Asiya takan biyo ta tsaya bakin rumfa. Ba ta matsa masa, gaisuwa kawai take yi, sannan ta ce, "Ya jikin injin?" Shi kuma ya ce da sauƙi. Wata rana ta ce masa yanzu duniya take gani kamar mai leƙe ta cikin ramin kara. Bayan tafiyarta ya kasa cin tuwon rana.

Ranar ce Zara'u ta kawo masa abinci da ruwa a bido, jarkar roba da aka naɗe da buhun algarara aka ɗinke, kamar yadda kowane gida ke yi. Ana jiƙa buhun a rataye a inuwa, iska na bugunsa, ruwan ciki ya yi sanyi kamar na randa. Ya kafa kai ya sha, sanyin ya ratsa shi, sai ya tsaya da bidon a hannu yana kallon kwamfuta.

Ya aika aka samo masa buhu, ya jiƙa, ya matse, ya ninka, ya shimfiɗa kan teburi ya ɗora injin a kai.

"Maigida, ba kai ka ce ba shi son ruwa ba?" in ji Zara'u.

"Ba ruwa za ni ba shi ba. Sanyi za ni ba shi."

Abin takaicin shi ne dabarar ta ci. Da ba ta ci ba, da ya haƙura ya hau babur ya tafi Tasawa. Amma fankar ta shiga jan iska mai sanyi daga cikin buhun, lambar ta tashi ta haura biyu ta zauna daram. Hoton Mudassir ya daina tsalle. Ga shi cikin shuɗiyar shadda yana tafiya tsakanin abokai, sumul, kamar yau aka ɗauka. Na Allah ya buga cinya ya yi kabbara, ya kira masu igiya su zo su ga abin da Turawan da suka ƙera injin ba su sani ba. A 'yan kwanakin da suka biyo ya yanka ya jera, ya ajiye turi gefe. Bai sa waƙa ko ɗaya ba, tun da mai zaɓen ba ya nan, ya bar kiɗa da guɗa yadda suka shiga. Kowace safiya yakan jiƙa buhu kafin ya kunna. Bai san cewa damshin da fankar ke ja yana kwanciya a kan ƙananan wayoyin ciki yana cin su ba.

Ya aika wa Inna Asiya cewa gobe ta shirya.

Washegari da rana ta take ya fara dahuwa. Aiki ne mai tsawo, kuma in ya katse sai an faro daga farko. Wani ɗan layi a fuskar injin yana cika a hankali. Ranar kuwa iska mai zafi ke busawa, kafin layin ya kai rabi buhu ya bushe ƙayau, lambar ta fara gangarowa. Ya lissafa a ransa, in ta koma ƙasa rana za ta karkata wuta ta ɗauke kafin a gama. Ɗaga injin a sake jiƙa buhu kuma ba zai yiwu ba, don bakin sharjar ya saki, ko kaɗan aka motsa sai ya zare. Sai ya ɗauki buta ya tsiyaya ruwa a gefen buhun, injin na kai. Lambar ta tashi. Da ta sake sauka ya ƙara. Ya ƙara kuma, da ɗan yawa, don ya ga layin ya kusa ƙarshe.

Teburin da ma a karkace yake ta wajen tubali. Ruwan ya bi ƙarƙashin buhu ya taru daidai inda fankar ke shaƙa. Ya ji ƙas, ƙara ƙarama kamar an taka busasshen kara, fuskar injin ta yi baƙi, wani ɗan wari na ƙonanniyar roba ya tashi. Ya danna maɓalli. Ya zare waya ya mayar. Ya kife injin ya girgiza, ruwa ya ɗigo masa a cinya.

Da la'asar tsohuwa ta zo da sabon mayafi. Ya ce mata an samu 'yar matsala, sai ya je Tasawa ya dawo. Ta ce Allah ya kai shi lafiya, ta juya tana laluben hanya da sanda.

Bello ya kwance injin a gabansa. Cikin duk ya yi kore da fari-fari, wani wuri ya ƙone baƙi. Ya ɗago ya dube shi. "Wa ya yi mishi wanka?"

Na Allah ya kawar da kai. Bello ya jira amsar da ya saba ji, bai ji ba, sai ya bar tsokana. Ya ce injin dai ya tafi, amma faifan da ke ajiye hotuna yana da rai. Sai dai nasa injin ba zai iya wannan dahuwa ba, dole a aika faifan Maraɗi wurin wani da ya sani. Na Allah ya roƙe shi da girman Allah ya hanzarta, ya gaya masa labarin idon. Bello ya yi alkawari, kuma har ga Allah da niyyar cikawa ya yi.

Kashegari ruwan farko ya sauka. Wanda ya san ƙasar nan ya san abin da wannan ke nufi. Ba mai tsayawa jiran komai, ƙasa in ta jiƙa yau, jibi ta bushe. Bello ya rufe shago ya nufi ƙauyensu, ya bar faifan a cikin aljihun tebur. Na Allah ma ya ɗauki sungumi, Zara'u na bin sa da iri, don in bai shuka ba babu mai ciyar da gidansa da labarin fim. Aka gama shuka, ruwa ya ɗauke, tsiron ya ƙone, aka jira, aka sake shukawa. Daga nan noman fari ya taso. Yakan kira Bello daga gona, wani lokaci waya ta shiga, wani lokaci ba ta shiga. Faifan ya tafi Maraɗi, mutumin can shi ma yana da nasa layin. Duk tsawon lokacin nan Na Allah ya daina bin lungun gidan Inna Asiya, yakan zagaya ta bayan masallaci ko da ya fi nisa. Kunya ce da tsoro, kuma ya san su ne.

Gero ya kai gwiwa ranar da wani direba ya miƙo masa kile a naɗe cikin leda. Bai tsaya wanke ƙafa ba ya wuce wurin Mutari, suka soka a tele. Fim ya fito tas, babu tsalle babu daskarewa. Mutari ya ce ya je ya ɗauko ta yanzu da hantsi kafin 'yan ƙwallo su cika wuri, shi zai tayar da gurup, wato janareta, isansin da zai sha kuma sadaka ne.

Ya same ta zaune a tsakar gida kan tabarma. Ya yi sallama, ta amsa ta juya kai wajen muryar, ba wajen fuskarsa ba.

"Na Allah ne? Ka ɓuya."

"Aikin gona, Inna. Abin ya samu."

Ta ce a miƙo mata mayafinta. Da suka fito ta ba shi bakin sandar ya riƙe, ita ta riƙe ɗaya bakin, yana gaba tana baya. A da ba ta taɓa yin haka ba. Ya gane, ita ma ta san ya gane, haka suka yi ta tafiya har suka isa.

Mutari ya sa mata kujera a gaba, dab da tele, ya ja ƙofa ya toshe taga da tsumma. Ɗakin ya yi duhu, fim ya fara. Kalangu ya cika wuri, mata na rangaɗa guɗa. Ga Mudassir ya fito daga zaure, babba, fes, fuskarsa ta cika gilashi. Ango ne, kansa a sunkuye, abokai ke ta surutu shi ba ya cewa uffan, don haka ko muryarsa babu a ciki. Sai can ya ɗago ya dubi kyamara ya yi ɗan murmushi.

Na Allah ya juya ya dubi tsohuwa. Ta buɗe idanu iya buɗewa, ta miƙa wuya gaba, amma fuskarta ba tele take kallo ba. Ta ɗan karkata hagu, wajen da lasifika take, tana fuskantar bangon ƙasa.

"Ɗan nan," ta ce, "in ya hito ka hwaɗa mini."

Mutari ya sunkuyar da kai ya fita waje wai zai duba gurup.

"Ga shi nan, Inna," in ji Na Allah. "Shina kallonki."

Ta gyara mayafinta, ta miƙe zaune, ta yi wa bangon murmushi.